Hoton Jikarka a Ƙofar Jan Gida

Malam, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma sai ka nemi tabarau, ka zargi yara da ɗauke shi, alhali yana aljihunka. Amma na dawo daga ƙasar Tailan da magana a bakina, kuma kai kaɗai ka cancanci jin ta.

Gida lafiya. Geron gonar Fakku ya yi kyau, ƙanenka ya kawo mana rabonmu har Tambuwal. Ɗiyarka Hadiza ta sauka a Kebbe, namiji. Katangar bayan gida da ka yi ta cewa bana za a gyara, damina ta kai ta ƙasa.

Ka tuna hoton nan? Jikarka, mai sunan mahaifiyarka, ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai a ƙofar wani jan gida mai macizai a rufinsa. Ka ce an kai Innarka gidan gunki. Tun ranar ka daina ɗaukar wayar ɗanka na fari, wanda ya tafi karatun noman shinkafa ya yi aure can. Ya aiko bayani, ka ƙi saurare, har Allah ya karɓi ranka. Ban taɓa faɗa maka ba, ni ma hoton ya tsaya mini a rai. Shi ya sa da ya aiko in zo, na shirya. Na ce ko mene ne, idona ya gani.

Garinsu Sonkila, tsohon gari ne a bakin ruwa. Gidajen sirara ne masu bene, manne da juna, shago a ƙasa, iyali a sama, tagogi na katako. Tsakiyar gida a buɗe, ruwan sama na zuba ciki, kamar dai tsakar gidanmu. Layi guda za ka ga 'yan asalin Sin, gaba kaɗan masu bin addinin Buda, ka karya kwana sai ga masallaci da mata masu hijabi suna suyar kifi. Da asuba malaman addinin Buda ke wucewa cikin mayafi ruwan goro, kai a aske, ƙafa ba takalmi, ladan kuma yana kira. Ba mai harar wani. Surukarka Nuriya ta kai ni harabar wani ɗakin bautar masu bin Buda, rufin ya lanƙwashe sama kamar zankon soro, ado kuwa ba a magana. Na tsaya daga waje. Kada ka ɗaure fuska, ko takalmi ban cire ba.

Abinci kuwa, Malam, mutanen nan sukari suke sa wa miya! Ga ruwan kwakwa, ga barkono mai sa hawaye. Kwanakin farko shayi da wata waina mai faɗi suka riƙe ni. Daga baya na kamu da shinkafa mai danƙo da mangwaro, har Nuriya tana yi mini dariya. Duk shagon da za mu shiga sai ta duba alamar halal, ta fi ni tsanani.

Ran nan muna dawowa daga kasuwa, sai ga jan gidan, da macizansa da hayaƙin turare. Jikarka ta saki hannuna ta ruga, ta haɗa tafi ta sunkuya. Na matsa ina salati, sai na ga wani tsoho a bayan ginshiƙi da tsintsiya a hannu, ya jingine ta, shi ma ya haɗa tafi yana murmushi. Maƙwabcinsu ne, shi ke share wurin. Gaishe shi take yi, Malam. Haka ta gaida mai taliya, haka ta gaida direban keke. Durƙuson ƙasarsu ke nan ga babba wanda ba Musulmi ba. Ni kuwa hannuna take kamawa ta ɗora a goshi. Mai ɗaukar hoto ne bai sako tsohon ba.

Da magariba na ji ta tana biya Fatiha a bayan uwarta. Na zauna a matakalar bene na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Wallahi kamar an sauke mini buhu daga ka. Me ya sa ba ka jira ba? Me zai rage ka da ka ɗauki wayar nan sau ɗaya?

Ranar da zan taho, ɗanka ya durƙusa gabana ya tambaye ni ko ka tafi da fushinsa. Ya rame da wannan tambaya, furfura ta fito masa. Na san ka, da ka ga tsohon nan da tsintsiyarsa da kai ne farkon yin istigfari. Don haka na ce masa ka yafe.

Na ari bakinka ba da izininka ba. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu da alheri. In mun haɗu, don Allah kada ka ƙaryata ni.

Taka,
uwar 'ya'yanka, daga Tambuwal