Keken da Kawu Ya Ara

Daren Lahadi, unguwar Amriguébé

Ya mai martaba Kawu Habu, jigon masu aro, garkuwar waɗanda ba sa mayarwa, Allah ya ja zamaninka a kan sirdin kekena.

Yau kwana tara ke nan da ka ce in ba ka keken lantarkina ka je Juma'a ka dawo. Ni na haye gadar Ngueli da ƙafata, na tsallaka iyaka na sayo shi, mai faffaɗan sirdi kamar kujerar falo, ba ƙara, ba fetur, ba gumi. Sau uku kacal na hau shi zuwa shago.

Na ɓoye cajarsa, ina jiran batir ya mutu gaskiya ta yi halinta. Sai ka biyo ta bakin Inna. Ta ce, "Ƙanena ne fa, kuma bayansa na ciwo. Kai me ya sami ƙafafunka?" Na miƙa caja da hannu biyu.

Ɗazu da rana ka wuce ni a bakin titi ina jiran kilando, wato ɗan acaɓa, babbar rigarka tana kaɗawa. Ka ɗago mini hannu kamar gwamna, ka ce, "Ɗana, abin nan akwai albarka!" Na ce amin. Da bakina.

Shi ke nan, na sallama, ba ni da bakin kai ƙarar kawu. Amma don girman zumunci, makullin ɗakina yana maƙale da na keken. Na gaji da shiga ta taga. A cire a aiko mini.