Katin da Na Nuna wa Kakanka

Tomo-chan,

Na wuce wurin likitan gwiwa, ban tashe ka ba. Gaskiya dai kunyar haɗa ido da kai nake ji.

Katin wasanka mai tsada, mai zanen dila cikin dusar ƙanƙara, wanda za ka aika yau wa masu tantance kati su ba shi maki, shi na kai gaban hoton marigayi kakanka da safe. Ka san duk abin arziki da ya shigo gidan nan shi ake fara nuna wa. Na zare shi daga ledarsa, don ba a miƙa wa babba abu a ƙunshe. Sai tokar turaren da nake kunna masa ta zubo a kan katin, ni kuma na sa hannun riga na goge.

Katin ya karce, Tomo. Layin siriri ne kamar gashi, amma ka ce mutanen nan ko ƙura ba sa yafewa. Cikakken maki goman da kake ta buri, na san ya tafi.

Kada ka aika sai ka duba shi a haske. Akwai shinkafa a tukunya.

In za ka yi faɗa, da ni za ka yi. Shi kakanka kallo kawai ya yi.

Kakarka, Baa-chan