Ƙyauren da Baba Yake Cirewa

Drumnavoy, Antrim,
18 ga Yuli.

Zuwa ga Yayana Mervyn,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Doreen da yara. Yaya gwiwar taka? Doreen ta ce ka ƙi zuwa wurin likita, wai sai an gama girbi. Ban yi mamaki ba, tun muna yara kanka dutse ne. Mu nan lafiya lau. Maigidana Cecil na nan da shanunsa, Gwaggo Sadie ta cika tamanin da bakwai, har yanzu tana gyara wa fasto wa'azi a bakin coci. Ɗana Alastair kuwa, ɗan naka, yana gida, ya cika mini falo da ƙorafi, kuma a kansa ne na zauna rubuta maka. Na san Cecil ya buga maka waya ya ce yaron ya faɗi amma da sauƙi. Cecil ke nan, ko gida ne ya ƙone cewa zai yi an ɗan sami hayaƙi.

Wata biyar ke nan ban yi maka magana ba, kuma ka san dalili. Tun da kamfanin nan ya karɓi tseren babura daga hannun ƙungiyar ƙauye, shugabansu Mista Crothers ya sa ido a kan filinmu na bakin kwanar titin da ake tseren. Ya sha shayina ya fi sau biyar, yana yabon biredina kamar bai taɓa cin abinci ba. Ya ce babu wurin kallo irinsa a duk hanyar, ana hango babura tun daga gangaren coci, zai kafa rumfa mai kujera ɗari uku, masu talabijin su ma su sami wuri. Ya ce abin da za mu samu zai sauya mana rufin gida har da canji. Ka san rufin nan, bokiti huɗu nake jerawa idan ruwa ya sauko. Na sa hannu a takardarsa, Yaya, ko karantawa ban gama ba. Saura naka hannun, tunda gadon namu ne mu biyu. Sai ga takardar ta dawo daga Kanada babu ko ɗigon biro, da ɗan rubutu a bayan ambulan, wai a cire ƙyaure kamar yadda Baba yake yi.

Ran nan na zage ka, ba zan ɓoye ba. Na ce mutum yana can yana shan ɗumi a gidan da ba ya yoyo, yana mulkin filin da rabonsa da taka shi shekara ashirin. Na san al'adar Baba sarai: ranar Alhamis kafin tsere ya kwashe shanu, ya ɗage ƙyauren ƙarfe daga maƙalarsa, ya naɗe ginshiƙan dutsen nan biyu da dammunan ciyawa, ya bar filin wayam, don wanda kwanar ta ƙwace masa ya miƙe cikin ciyawa maimakon ya haɗu da bango. Na tuna dukan da ka sha ranar da ka ɓuya a ciki don kallo. Amma shekara goma sha tara babu babur ɗin da ya shiga filin nan. Alastair da kansa, da yake cikin masu tseren, ya goyi bayan Crothers. Ya ce Kawu Mervyn ya tsufa, yana tsammanin har yanzu da birkin keke ake tsere, shi kwanar nan ko ido rufe zai sha ta.

Crothers bai ji daɗi ba. Ya bi gari yana cewa wani tsoho a Kanada ya hana ƙauye ci gaba, har matar mai kantin nama ta daina amsa gaisuwata. Ba mu kaɗai ya takura ba. Ya kwashe dammunan da ake jerawa a bangon maƙabarta ya kafa allunan talla, kuma da masu tseren suka je masa a kan haka, sai ya ce musu wanda yake jin tsoro ya koma tallan madara, akwai yara hamsin da ke jiran lambarsa. Sun yi gunaguni, suka hau baburansu, don yawancinsu sun sayar da abin da suka mallaka kafin su zo. Ranar Alhamis ni ko leƙa filin ban yi ba saboda haushi. Cecil ne ya fita shi kaɗai da bayansa mai ciwo, ya ciccibi ƙyauren ya jingine a jikin shinge. Da ya shigo na ce masa ya wahalar da kansa a banza, ya ce to, a zuba masa shayi a banzan.

Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi. Hanya rabi jiƙe rabi bushe, wadda masu tsere suka fi ƙi. Manyansu sun nemi a jira awa ɗaya, Crothers ya ce masu talabijin ba sa jira, kuma ba zai mayar wa mutane kuɗin tikiti don 'yar raɓa ba. Ina tsaye a tagar ɗakin sama, inda Mama take tsayawa. A zagaye na uku na hango jar hular kwanon Alastair ta fito daga gangaren coci, shi ne na biyu. Na saba jin yadda kukan injin yake sauka kafin kwana. Wannan karon bai sauka ba. Daga baya ya ce ya taɓa birki ya ji babur na sulɓewa, ya san idan ya kwantar da shi bango ne, sai ya miƙe. Ya wuce tsakanin ginshiƙan Baba kamar an harba shi, ya keta filin, ƙasa mai laushi ta kama tayar ta watsar da shi can kusa da rafi. Ban san yadda na sauko daga bene ba, takalmi ɗaya na tarar a ƙafata.

Na same shi kwance, taɓo har cikin baki, idonsa biyu. Abin da ya fara ce mini shi ne kada in gaya wa Kawu. Kafaɗarsa ta karye da haƙarƙari biyu, shi ke nan. Likitan tseren ya dubi sawun taya, ya dubi inda muke, ya ce mini in je in gode wa duk wanda ya bar wannan fili babu kowa. Ni ma na dubi sawun. Ya bi ta daidai inda Crothers ya kafa turakun awon rumfarsa a watan Fabrairu, har ya tuge biyu. Yaya, Crothers ya yi mini alkawarin kujera a layin gaba, ni da Gwaggo Sadie.

Crothers ya zo asibiti da furanni da mai ɗaukar hoto. Gwaggo ta karɓi furannin ta ce masa sun yi kyau, da ma irinsu ake kai wa maƙabarta, ya ajiye sauran don baɗi idan bai mayar da dammunan bango ba. Na ji an ce masu tseren sun haɗa kai, sun rubuta cewa ba za su hau ba sai an mayar. Shi kuwa ɗan naka tuni ya fara tambayar yaushe za a kwance masa hannu. Na yi kuka, na yi faɗa, na san ba zan hana shi komawa tsere ba, jinin gidanmu ne. Abin da nake da iko a kansa filin nan ne kawai, kuma saura kaɗan in sayar.

Na gode, Yaya. Na gode da taurin kan da na zaga. Ka yafe mini maganganun da na faɗa, waɗanda ka ji da waɗanda ba ka ji ba. Kuma ina roƙonka abu ɗaya. Damina za ta dawo, rufi zai yi yoyo, Crothers ko wani irinsa zai sake zama a kicin ɗina yana yabon biredi, kuma na san halina. Ko da kuka na kira ka, kada ka sa hannu.

Ka gaishe mini da Doreen, da Heather da mijinta, da ɗan autanka Lyle. Cecil da Gwaggo Sadie suna gaisuwa. Alastair ya ce in ce maka zai rubuto da kansa idan hannu ya warke, amma kada ka sa rai zai ce ka fi shi gaskiya. Ƙyauren na nan jingine a shinge, na hana a mayar. Shanu sa yi haƙuri da filin baya.

Taka ƙanwa har kullum,
Wilma