Ranar da Kika Kare Mai Sanƙo

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi! Ya ke matata, malamata, abokiyar gardamata! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ke gida ɗaya da ke, amma kewarki na cin sa kamar kogi ne ya cika ya raba mu. Yayarki ce za ta karanta miki wannan takarda, don na lura yanzu kin fi sakin jiki da takarda a kan bakina.

Kin tuna kotunmu? Kai, wace irin tambaya ce wannan nake yi miki! Bari ni in tuna mana. Tun muna sabon aure, duk littafin falsafa na masanan da ke raye da mujalla ta aiko mini in yi sharhinsa, sai mun gurfanar da shi a teburin kicin kafin in rubuta ko harafi. Ke kika kafa dokar, irin wadda kike ɗora wa ɗalibanki a jami'a: wanda ya tsani littafin shi ne lauyan da zai kare shi, wanda littafin ya burge shi ne zai gabatar da ƙara. Kika ce ta haka kaɗai ake yi wa marubuci adalci. Ba ma ko kiran su da sunayensu, sai mu juya bangon baya, mu ƙare wa hoton kallo, mu laƙaba wa mutum suna. Akwai Mai Sikeli, wanda ke auna daɗi da wahalar 'yan Adam kamar mahauci na auna nama. Kika ce ƙwaƙwalwarsa na ja, amma ba za ki bar masa renon jinjiri ki shiga wanka ba. Akwai Gwaggo, wadda ta ce kula da masu rauni shi ne tushen ɗabi'a. Ni na kare ta ina gumi, domin gani nake tausayi ya yi mata yawa, hujja ta yi mata kaɗan. Shayi ya huce, tukunya ta kama, maƙwabciya ta leƙo a firgice ta zaci aurenmu ne ke mutuwa!

Sai Mai Sanƙo ya zo. Shi cewa ya yi mutum ba komai ba ne face sarƙar abubuwan da yake tunawa. Idan sarƙar ta tsinke, wanda ya saura a cikin jikin wani ne daban, kuma igiyar da ta ɗaure ka da na farko ba ta ɗaure ka da na biyun ba. Kika yi jifa da littafin kan kujera, kika ce wannan bawan Allah bai taɓa son kowa ba. Ni kuwa tsaftar hujjarsa ta burge ni. Doka dai doka ce: ke lauyarsa, ni mai tuhumarsa. Kika miƙe da ludayi a hannu, idanunki na walƙiya kamar hadari ya haɗo, kika riƙa kakkaɓe tuhumata ɗaya bayan ɗaya. Ni ina ta dariya, ina kallon bakinki, ban ma ji rabin abin da kike faɗa ba. Can sai kika ajiye ludayin. Kika zauna. Kika ce wallahi mutumin nan yana da gaskiya, domin mahaifiyarki a ƙarshen rayuwarta ba ta san ko ɗaya daga cikinku ba, kuma kun wahalar da ita da naci sai ta san ku. Nan take kika kama hannuna kika sa na yi alkawari: duk ranar da kika dube ni ba ki gane ni ba, in kai ki gidan Yaya, in je in ci gaba da rayuwata. Na ɗauka miki, kamar yadda ake ɗaukar alkawarin abin da ba a zaton zai zo.

Ya zo, farin watana. Ya fara da mantuwar sunayen ɗalibai, ya koma mabuɗi a cikin firiji, har ranar da kika tsaya tsakiyar jimla a gaban aji kina duban alli kamar ba ki san aikinsa ba. Yanzu idan na shigo ɗaki sai ki ja bargo har wuya, ki ƙwala wa Yaya kira wai wani namiji ya shigo. Magani daga hannuna ba kya karɓa. Hannun nan da kika riƙe shekaru, shi kike duba jikinki na ɓari! Wane laifi na yi wa duniya da fuskata ta zama abin tsoronki? Likita ya ce firgitar nan tana ƙara miki ciwo, ya faɗa yana duban takalmansa.

A cikin wannan hali mujalla ta aiko mini sabon littafin Mai Sanƙo. A kan bencin ƙarfe na barandar asibiti na karanta shi, ina jiran a gama duba ki. Na shiga da wuƙata a washe, ina neman inda zan kama shi da ƙarya. Ban samu ba. Mutumin ba ya ha'inci, ya kawo maganar masu sukarsa da ƙarfinta, ya amsa ba tare da zagi ba. Ke kika koya mini in faɗi haka ko da raina na ƙuna. Na koma wajen Mai Sikeli neman ceto, ya ɗora kwanciyar hankalinki a gefe guda, kewata a ɗaya gefen, nawa ya tashi sama ba nauyi. Na je wa Gwaggo ina jin kunya, ita da na raina. Sai yanzu na gane ita kaɗai a cikinsu ta taɓa wanke wa mara lafiya jiki, ana jin warin sabulun a shafukanta. Amma ita ma ba ta goyi bayana ba, ta ce kada mai jinya ya tsare majinyaci don maganin kaɗaicin kansa. Mutanen da ba su taɓa jituwa ba, ga su sun haɗa baki a kaina! Wa zai tsaya mini? Lauyar da na sani tana zaune bakin taga tana murza gefen labule.

Gobe mota za ta zo. Yaya ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ƙaninta nake har abada, ba raba mu za ta yi ba. Na san haka. Na ninke rigar sanyinki mai ɓallallen maɓalli, na sa tabarau ɗinki biyu a aljihun jaka, na rubuta mata lokutan magani. Zan cika rabin alkawarin, ba don an kayar da ni a gardama ba, sai don ba zan iya ganin jikinki na rawa saboda ni ba. Ɗaya rabin kuwa, wai in ci gaba da rayuwata, ki yafe mini, ba zan cika ba. Wace rayuwa? A ina aka ajiye mini ita?

Ɗazu ina durƙushe ina ɗaure kwali, kika dube ni ba tsoro a karon farko cikin watanni, kin ɗauke ni ɗan dako. Kika gaishe ni da ladabi, kika ce mini malam. Kika tambaye ni ko na san mijinki, wani dogo mai yawan surutu, ya fita da littafi a hannu bai dawo ba, kuma ba halinsa ba ne. Kika ture farantin da ke gabanki, kika ce ba za ki ci ba sai ya dawo. Kika roƙe ni in na gan shi a hanya in gaya masa kina jiransa. Na ce to. Na fita bayan gida na kifa kaina a bango.

Sharhina layi ɗaya ya rage, tambaya ce zan aika wa Mai Sanƙo: in sarƙar ta tsinke, in matata ta tafi, to wace ce wannan da ta ƙi cin abinci tana jirana?

Ya ke hasken gidana, saƙonki ya sami mijinki. Ya ce a gaya miki bai manta hanya ba, bai kuma dubi wata ba. Ya ce don Allah ki ci abinci, kada ki jira shi da yunwa.

Naki ne ni, ki san ni ko kada ki san ni, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu. Mijinki, wanda zai riƙa zuwa gidan Yaya kullum ya tsaya daga bakin ƙofa, inda ba zai tsorata ki ba.