Hannun da Katanga Bai Miƙa Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Na ji kana cewa a yi haƙuri kan abin da kulob ɗin ƙwallon kwando ya yi wa Autanmu. Yaya, ni ban haƙura ba. Shekara da shekaru yaron nan yana ƙarƙashin kwando yana shan gwiwar hannu, har suka sa masa suna Katanga. Shi ba ya jefa ƙwallo, aikinsa ya cafke wadda ta kuskure, ya kuma tare duk mai neman taɓa ɗan lelensu, wato mai ci musu maki. Haƙoransa biyu a can ya bar su. In ɗan lelen ya faɗi, Auta ne mai miƙa hannu ya ɗaga shi. Amma da gwiwarsa ta samu matsala suka sallame shi, ɗan lelen ya shiga rediyo yana cewa dama ɗan dambe ne, ba ɗan wasa ba.

To, wani kulob ya ɗauke shi gwaji, kuma wasan farko da tsohon kulob ɗinsa ne. Koci ya gargaɗe shi cewa in alƙalin wasa ya kore shi, aikin ya tafi ke nan. Ni kuwa na ce ya karya wa ɗan lelen haƙarƙari ko da za mu kwana da yunwa, ai rama cuta ga macuci ibada ne. Dariya kawai ya yi yana ɗaure gwiwa.

Ranar wasa, ko rigar ɗan lelen bai taɓa ba. Duk ƙwallon da ɗan lelen ya jefa ta kuskure, Auta ya cafke, sai ga jama'a sun gane wanda yake share masa ɓarna duk shekarun nan. Dab da tashi ɗan lelen ya zame ya faɗi, ya ɗaga hannu sama yadda ya saba. Auta ya dube shi, ya wuce. Wallahi na yi ihu har muryata ta dishe. An ba Auta aikin, ni kuma har yau ban yafe ba.

Ka gaida matarka da yara, Inna da Kawu suna gaisuwa.

Taka ƙanwa.