Allura a Zare

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya yaran, ya kuma ƙafar taki? Matar ɗana Auta ce ke rubuta mini, ni nawa faɗa ne.

Lafiyata ƙalau, kada ki tada hankalinki. Wata 'yar na'ura ce kawai likitoci suka sa mini a ƙirji, wai ita ke daidaita bugun zuciyata. Sai dai sun ce in nisanci mayen ƙarfe. To Yaya, kin san aikin Auta? Mayen ƙarfe! Shi suke haɗawa na injin motocin nan masu caji. Wai akwai wani ma'adini mai wuyar samu a cikinsa, suna neman yadda za a rage shi ba tare da ƙarfin ya ragu ba. Na ce, ɗan nan, ku rage ƙarfin ma mana.

Wata biyu ban bari ya matso ni ba, daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Ya rantse ba ya zuwa da komai gida, amma na kasa yarda.

Shekaranjiya na ɗaura allura a zare, na sa matarsa ta zagaya shi da ita, aljihu da hannuwa. Tana ta dariya, yanzu ma dariyar take. Allura ko motsi. Na ce, matso. Ya durƙusa, na dafa kansa na sa masa albarka. Yaya, ashe yaron nan har furfura ya fara ban sani ba.

Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa.