Kwandon Hajja Nawal

Zuwa ga Injiniya Bashir, a Iskandariyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da tubalan simintin da kuke jerawa a bakin teku. Na rubuto a nan shafina inda kowa zai gani ne, tunda wayarka ba ta shiga sai in Hajja Nawal ce ta kira.

Ka tuna zuwanmu karatu unguwar Hayyus Sabi', da muka kama ɗaki a ƙasan benenta? Ta zuro kwando da igiya daga baranda, ka tsaya kana kallo kamar baƙauye, ni na gane aike ne, na sayo mata burodi. Tun ranar kwandon nan ya zama nawa. Ni ke sa mata magani da tumatir a ciki, ni ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa har hawa na huɗu.

Kai kuwa ka bar ni da nahawu, ka tafi Iskandariyya, garinsu Hajja, koyon aikin tare teku. Shi ke nan ka zama ɗan gaban goshi. Hotonka da hular kwano yana kan talabijin ɗinta. In ta dafa mahshi, shinkafar nan da ake naɗewa a ganye, ta zuro mini, sai ta ce, “Da Bashir na nan, da ya ci.” Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kishi nake yi, Bashir, ba zan ɓoye ba. Da sanyin bana aka nuno a talabijin ruwa ya cika titunan Iskandariyya, motoci sun nutse har gilashi. Na zaci za ta sauke ka daga kan talabijin. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “Ɗana Bashir yana can, khalas,” wato magana ta ƙare. Na sauko ina cizon yatsa, har raina ya so igiyar ruwa ta ture tubali ɗaya, ko ta san kai ma mutum ne.

To, ga abin da yabonka ya jawo. Ta ce za ta koma gida, ta ƙarasa kwanakinta kusa da kabarin mijinta, tunda kai ka tare teku. Na gaya mata abin da ka faɗa mini da bakinka, cewa ruwan yana hawa a hankali, ƙasar kuma tana lotsawa. Ta yi dariya, wai kishi ne. Ban iya musawa ba.

Jiya ta zuro kwandon babu komai a ciki, ta sako igiyar gaba ɗaya ta faɗo a gabana. Ta ce, “Riƙe, ya ibni, ɗana. Gidana na can a ƙasa yake, ba na bukatar igiya.”

A ƙasa, Bashir. Layi ɗaya tsakaninta da teku, kuma gwiwoyinta ba sa gudu.

Don haka na janye mugun fatana. Ka duba kowane tubali da idonka. In hadari ya haɗu, ka bar komai ka je ka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Maganin hawan jininta ƙaramin fari ne, takan manta da shi.

Allah Ya ƙarfafa abin da kuka gina, Ya hana ruwa tsallake shi. Allah Ya sa ta yi ta yabonka shekaru masu yawa, ko da ba ta ambaci sunana ba.

Naka, mai riƙe da igiya,
Hamisu